Hanyar Lafiya A Bi Ta Da Shekara: Jawabi Kan Bambancin Kallo Da Lura

Gaisuwa mai yawa ga sarakunan Hausawa na Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Inugu da Fatakwal, da limamai, da shugabannin kasuwanni da na tashoshin mota, da dukan 'yan Arewa waɗanda neman halali ya kai su Kudu. Allah ya ƙara zumunci, ya sa a gama lafiya, amin.

Bayan haka, jawabin yau a kan tsaron kai ne. In aka ambaci tsaron kai, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne makami. Wani ya soke wuƙa a ƙugu, wani ya jingine gora a bayan ƙofa, wani kuwa ya ƙarar da kuɗinsa wajen neman maganin ƙarfe. To, amma wuƙa ba ta amfanar wanda aka shammata, kuma in 'yan sanda suka same ta a jikin baƙo, ita ce za ta kai shi caji ofis. Akwai makamin da Allah ya ba kowa kyauta, wanda ba a yi masa lasisi, ba a kuma ƙwace shi a shingen bincike, watau ido da kunne, da hankalin da ke fassara abin da suka kawo. Sai dai shi ido aiki biyu yake yi, Hausa kuwa ta ba kowanne sunansa. Akwai kallo, akwai lura. Kallo shi ke jan ƙafar mutum zuwa inda abu ke faruwa. Lura ita ke shaida masa cewa wurin nan ya sake, lokacin ja da baya ya yi. Mutanen Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, sun ga bambancin waɗannan biyu a rana guda, shi ya sa za a fara da labarinsu.

Duk wanda ya taɓa bin motar doya ko ta shanu daga Arewa zuwa Inugu ko Aba ya san Lafiya. Gari ne wanda Barebari suka kafa a ƙarshen ƙarni na 18 a ƙarƙashin Muhammadu Dunama, domin haka ake kiransa Lafiyar Barebari. A zamanin Muhammadu Agwai, wanda ya yi sarauta daga 1881 zuwa 1903, kasuwarsa ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai. Daga baya hanyar jirgin ƙasa ta gabas, wadda ta taso daga Fatakwal ta nufi Kafancan, ta ratsa ta garin. Da aka cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ran 1 ga Oktoba, 1996, sai Lafiya ta zama hedkwata. Mai tafiya Kudu maso Gabas ta Akwanga, in ya bar Lafiya ya wuce Agyaragu da Kadarko, bai daɗe ba zai hau gadar Makurɗi. Saboda haka abin da ya sami Lafiya ya shafi duk mai bin wannan hanya.

Ranar Da Kallo Ya Ci Rayuka

Ran Litinin, 10 ga Satumba, 2018, wuta ta tashi a wani wurin sayar da iskar gas a cikin garin Lafiya, a lokacin da wata tanka ke sauke kaya. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar ta ba da sanarwa a ranar cewa aƙalla mutum 35 sun rasu, fiye da 100 kuma sun ƙone. Abin da ya fi tayar da hankali cikin bayanin hukumar shi ne cewa da yawa daga cikin mamatan ba ma'aikatan wurin ba ne, mutane ne da suka rugo domin su ga abin da ke faruwa. Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu. Ba a kawo wannan labari domin a ga laifin mamaci ba, gama abin da suka yi shi ne abin da kusan kowa ke yi. In aka ji ƙara ko aka ga hayaƙi, ɗan acaba yakan juya babur, mai shago yakan bar shagonsa, yara sukan sheƙa a guje, kowa na son ya zama shi ne ganau. An kawo shi ne domin hikimar da ke cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Ya kamata a fahimci yadda wannan iska take, domin yanzu ta shiga kowace unguwa. A cikin tanka ko tukunya ruwa-ruwa take, amma da ta sami kafar fita sai ta kumbura ta zama iska, ta ninka girmanta wajen sau 250. Ta fi iskar da ake shaƙa nauyi, saboda haka ba ta tashi sama, kwanciya take yi a ƙasa ta bi lambatu da kwazazzabo kamar ruwa, ido kuwa ba ya ganinta. Masu sarrafa ta sukan sa mata wani abu mai wari da gangan domin hanci ya gane ta. Tartsatsi kaɗan ya isa ya tashe ta, ko na tayar da babur, ko na ashana, ko na murhun mai shayi. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne tankar da wuta ta riga ta kama. Wuta na dafa ƙarfen, ruwan ciki na tafasa, har ƙarfen ya yi laushi ya fashe gaba ɗaya. Wannan fashewa ba ta zuwa nan take, takan ɗauki mintoci, watau daidai lokacin da 'yan kallo suka gama taruwa. Shi ya sa ƙa'idar da 'yan kwana-kwana na Amurka da Kanada ke bi ta ce in tankar gas ta kama wuta, a janye mutane har mil guda, watau mita 1,600, ta kowace fuska. Mai lura in ya ji warin nan ko ya ga tanka na hayaƙi, ba ya tayar da inji, ba ya tsayawa ɗaukar hoto. Yakan nufi tudu, ya bi ta inda iska ke busowa, in ya yi nisa sa'an nan ya buga lambar gaggawa ta 112.

Da an ɗauki darasin Lafiya, da wataƙila an rage wasu makokin. Ran 15 ga Oktoba, 2024, tankar fetur ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, mutane suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 150. Wata uku bayan haka, ran 18 ga Janairu, 2025, irin wannan ta auku a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, fiye da mutum 80 suka rasu. Talauci gaskiya ne, tsadar mai ma gaskiya ce, amma ba a taɓa samun galan ɗin da ya kai ran mutum daraja ba.

Ido A Buɗe, Hankali Na Wani Wuri

To, yaya ake koyon lura? Da farko sai a yarda cewa buɗe ido ba shi ne gani ba. A shekarar 1999 waɗansu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka nuna wa mutane wani gajeren fim na 'yan wasa masu jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙidaya sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ƙwallon. Ana cikin wasan sai wani da ya yi shigar goggon biri ya ratsa ta tsakiyarsu. Da aka tambaya, wajen rabin masu kallon ba su gan shi ba sam, domin hankalinsu na kan ƙidaya. Haka ɗan Adam yake. Ɗan canjin da ke ƙirga kuɗi, da ɗan gwarin da ke ciniki a Mil 12, da saurayin da ya toshe kunnuwansa da waya yana tafiya a gefen titi, dukansu idonsu biyu, amma ana iya tsayawa a bayansu minti biyar ba su sani ba. Ɓarawo ya san wannan tun kafin masana su rubuta shi. Shi ya sa masu yankan aljihu ke aiki biyu-biyu, ɗaya ya bangaje mutum ko ya tambaye shi hanya, ɗaya ya zare. Maganin abin mai sauƙi ne. Kada a ƙirga kuɗi a fili. In za a amsa waya, a tsaya a jingina da bango. Mai sana'a a bakin titi ya saba wa kansa ɗaga kai lokaci lokaci ya dubi dama da hagu, kamar yadda kaza ke yi tana tsakiyar kiwo.

Abu na biyu shi ne sanin yadda wuri yake a ranar da ba kome. Wanda bai san kamannin kasuwa a ranar lafiya ba, ba zai gane ta sake ba a ranar fitina. Dillalin shanu a Shinge ko mai sayen hatsi a kasuwar Alamis ta Lafiya ya san lokacin da motocin ƙauye ke isowa. In hantsi ya yi bai ga motocin wani yanki ba, ya san ruwa ba ya tsami banza, zai tambaya kafin ya tura yaronsa can. Haka ya kamata mazaunin Kudu ya karanci unguwarsa. Matan 'yan gari da suka saba kai wa magariba a kasuwa, yau sun tattara kaya tun la'asar. Masu shaguna sun rufe ƙofa rabi suna tsaye a waje. Motocin da ke zuwa daga wata fuska sun ɗauke, ko kuwa suna juyowa da gudu da fitila a kunne. Yara sun ɓace daga titi. Samarin da ba a saba gani ba sun taru a mahaɗa ba sa saye ba sa sayarwa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamu tana iya zama ba kome ba ce, amma in biyu ko uku suka haɗu, mai hankali ya rufe tebur ya tafi gida. In daga baya aka ga ba abin da ya faru, cinikin yini guda kaɗai ya rasa.

Abu na uku shi ne sanin mafita tun kafin a buƙace ta. Mutanen Ikko ba za su manta da Lahadi, 27 ga Janairu, 2002 ba, ranar da ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Ikeja ta yi ta fashewa. Fiye da mutum 1,000 suka rasu, kuma ɗaruruwa daga cikinsu ba wuta ce ta kashe su ba. Gudu suka yi cikin firgita, kowa na bin na gabansa, har suka faɗa cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa, wadda ciyawar ruwa ta rufe ta har ta yi kama da fili. Gudu daidai ne, amma gudun da ba a san inda aka nufa ba shi ma halaka ne. Saboda haka wanda ya sauka a sabuwar unguwa, kafin ya nemi inda ake sayar da tuwo, ya zaga da ƙafa da rana ya san lungun da ke ɓullewa da wanda ba ya ɓullewa, ya san inda kwata da gada suke, da ofishin 'yan sanda ko barikin da ya fi kusa. Mai iyali ya yanke wa matarsa da 'ya'yansa wuri guda da za a haɗu in an rabu, kowane yaro kuma ya haddace lambar wayar mahaifinsa. Haka nan a wurin taro, ko na biki ne ko na wa'azi ko na siyasa, mai lura yakan dubi ƙofofi tun yana shiga, ba ya kuma kutsawa tsakiyar cunkoso ko gindin dandamali, domin in turereniya ta tashi na tsakiya ne ke shan taku.

Baƙo Ko Da Ido Makaho Ne

Akwai abin da ido ba ya iya gani sai an tambaya, watau al'adar masu gari da ranakunsu. A watan Yuli na 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu, garin da Hausawa 'yan goro suka zauna lafiya da Yarabawa shekara da shekaru. Mafarin abin shi ne zargin da aka yi cewa wata Bahaushiya ta fito da dare a lokacin bikin Oro, wanda a al'adar masu gari ba a yarda mace ta gani ba. Aka kashe ta, faɗa ya tashi, gommai suka mutu, bayan 'yan kwanaki kuma aka yi ramuwar gayya a Kano a kan waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ba wata al'ada da ta halatta zub da jini, wannan ba abin musu ba ne. Amma mai zama a ƙasar Yarabawa tilas ne ya san daren da Oro ke fita da ranar da Egungun ke zagaya gari. Mai zama a ƙasar Ibo kuwa ya ga yadda aka shiga tilasta wa mutane zaman gida ran Litinin tun daga watan Agusta na 2021, da irin abin da ya sami direbobin da suka fito ba su sani ba. Matambayi ba ya ɓata. Maƙwabcin da ake gaisawa da shi kullum, ake yi masa barka da ta'aziyya, shi ne zai raɗa wa mutum cewa gobe kada ya fito. Wanda ya shekara goma a gari bai iya gaisuwa da harshen masu garin ba, ya toshe wa kansa kunne guda.

Magabata sun san wannan. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su tafiya sai da madugu, kuma a gaban ayari akwai jagaba, wanda aikinsa shi ne ya riga kowa ya duba hanya, ya ji labarin zangon da ke gaba. Da aka kafa Sabo a Badun a shekarar 1916, baƙo ba ya sauka sai a hannun mai gida, wanda zai ba shi masauki, ya tsaya masa a ciniki, ya kuma gaya masa abin da ake yi da wanda ba a yi a garin. Yau saurayi yakan hau bayan tirela daga ƙauyensu, ya dira a Ikko tsakar dare, ba wanda ya san da zuwansa. Wannan ganganci ne. Wajibi ne kowane sabon zuwa ya kai kansa wurin Sarkin Hausawa ko shugaban 'yan sana'arsa a rubuta sunansa da garinsu.

Darasin Hanya

Sai kuma maganar hanya, a nan ma Lafiya tana da abin faɗa. Ran 7 ga Mayu, 2013, ayarin 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya ya tashi daga Lafiya zuwa ƙauyen Alakyo domin kama shugaban ƙungiyar Ombatse. Aka yi musu kwanton ɓauna, fiye da jami'ai 60 suka rasa rayukansu. Waɗannan mutane ne masu horo, da bindigogi a hannu, amma waɗanda suka tare su sun san da zuwansu, su kuwa ba su san abin da ke jiransu ba. In har bindigar hukuma ba ta wadatar ba inda labarin hanya ya yi ƙaranci, ina ga wuƙar ɗan kasuwa?

Ran 27 ga Maris, 2025 kuma, waɗansu mafarauta 'yan Jihar Kano da suka taso daga Jihar Ribas za su gida yin Sallah, 'yan banga suka tare motar da suke ciki a Uromi ta Jihar Edo. Da aka ga bindigogin farauta a cikin kayansu sai aka yi musu ihun masu satar mutane, taro ya haɗu, aka kashe mutum 16. Alhakin wannan jini yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, kuma haƙƙin hukuma ne ta hukunta su. Duk da haka akwai abin da matafiyi zai ɗauka. Lura ta haɗa da sanin yadda idon wasu ke ganin mutum. Abin da yake kayan sana'a a Bunkure yana iya zama abin tsoro a garin da masu garkuwa da mutane suka addaba. Wanda sana'arsa ta tilasta masa tafiya da bindigar farauta ko adda ko wuƙaƙen fawa, ya riƙe lasisinsa da katin shaidarsa da takardar ƙungiyarsa, ya kuma sanar da 'yan sanda da shugabannin Hausawa na garin da ya taso kafin ya kama hanya.

Sauran ƙa'idodin hanya sanannu ne, sai dai gaggawa ke sa a take su. A shiga mota a tasha, inda ake rubuta sunan fasinja, kada arha ta ja mutum ya tsayar da motar da bai sani ba a gefen titi, domin da irinta 'yan wan-cans ke farauta. Kafin a shiga a dubi waɗanda ke ciki, in zuciya ba ta kwanta ba a bar ta ta wuce, ba a bin kowa bashin bayani. Direba ya zama jagaban fasinjojinsa, ya tambayi 'yan'uwansa da suka fito daga inda ya nufa. In ya ga hanya mai yawan motoci ta yi tsit, ya tsaya a gari mafi kusa har motoci su fara fitowa. In an ji an yi tashin hankali a wani gari da ke kan hanya, a jinkirta tafiya kwana biyu ko a sake hanya ko da ta fi nisa, gama a irin waɗannan ranaku ne fushi ke sauka a kan baƙon da ya zo wucewa. Wanda magariba ta riske shi a Lafiya, ya kwana a Lafiya. Hausawa suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Lura Daban, Zargi Daban

Wani zai ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, babu mai tsere wa ajali. Amma malamai sun sha bayyana cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa, kuma jefa kai cikin halaka abin hani ne. Wani kuma zai ce wannan koyar da tsoro ne, namiji ba ya gudu. To, a tambayi marayun da aka bari ko jaruntakar tsayawa kallo ta ciyar da su. Mutumin da ya bar garinsu ya zo Kudu, akwai bakuna da yawa da ke jiran abin da zai aiko, ransa ba nasa ne shi kaɗai ba.

Amma akwai wani kuskure da ya kamata a guje masa, watau a mai da lura ta zama zargi. Mai lura hali yake dubawa, ba ƙabila ko addini ko tufafi ba. Mutanen da suka taru a Uromi su ma a ganinsu tsaron garinsu suke yi, alhali zargi ne ya rufe musu ido. Duk taron da ya kashe mutum ba tare da shari'a ba, akasarinsa 'yan kallo ne da suka zo ganin abin da ke faruwa, ihu ya ɗebe su. Saboda haka ɗan Arewa in ya ji ana ihun ɓarawo a Agege ko a Sabo, kada ya ɗauki dutse, kada ma ya tsaya, ya sanar da hukuma. Haka kuma hoto ko muryar da aka turo ta WhatsApp cewa ana kashe 'yan Arewa a wuri kaza, kada a tura wa kowa sai an tabbatar daga bakin shugabanni, domin sau da yawa tsohon hoto ne na wata ƙasa, kuma ƙarya irin wannan tana iya jawo a taɓa baƙin da ke zaune a Kano ko Kaduna, daga nan wuta ta dawo kan na Kudu. Abin da ya faru tsakanin Shagamu da Kano a 1999 ya isa misali.

Daga ƙarshe, akwai aikin da ya rataya a wuyan shugabanni. Ido guda ba ya ganin gaba da baya, amma unguwa tana iya gani. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su riƙa zama da sarakunan gari da manyan 'yan sanda tun ana zaman lafiya, kada a jira sai an ja daga kafin a nemi lambar wayar juna. Limamai su riƙa sanar da ranakun bukukuwan masu gari bayan sallar Juma'a. Rassan jam'iyya da ke unguwannin 'yan Arewa su ma suna da rawar takawa, domin suna da rajistar mutane da wurin taro, kuma a cikinsu ne ɗan Arewa da ɗan gari ke zama a benci ɗaya. Ofishin da ke iya tara jama'a ranar zaɓe yana iya isar da gargaɗi ranar haɗari. Iyaye kuma su koya wa yara tun suna ƙanana cewa in aka ji ƙara ko aka ga taro na gudu, gida ake nufa, labari zai iske su a can.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Lafiya da Alakyo da Oke-Afa da Shagamu da Majiya da Dikko da Uromi. Allah ya kiyaye matafiya a kan hanya, ya tsare mazauna a masaukinsu, ya mai da kowa ga iyalinsa da alheri, ya ba ƙasar nan zaman lafiya mai ɗorewa.